Ruwa Ke Tashi, Gishiri Na Nan

Akwai wata yarinya da ake ce wa Auta. Shekararta goma. Yayyenta duk sun girma sun bar gida. Babanta direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu bai kwana gida ba. Mamanta kuma tana aikin jinya a asibiti.

Sun tare a sabon gida, a hawa na uku na wani dogon bene. Babu tsakar gida, babu bishiya, balle kaji. In Auta ta taso daga makaranta, ita ke buɗe ƙofa da kanta. Ta yi sallama, babu mai amsawa sai ƙarar firij.

A sabuwar makarantar ma haka abin yake. Kowa da ƙawarsa. Auta takan zauna a ƙarshen benci, ta ci abincinta ita kaɗai. Ko ta san amsa ba ta ɗaga hannu.

Wata rana Baba ya dawo daga tafiya, ya ji tana magana a ɗaki.

"Auta, da wa kike hira?"

"Da takalmina, Baba."

"To, me ya ce?"

"Shi ma ba ya magana."

Baba ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Washegari da safe ya ce ta saka takalmin nan nata marar magana, za su fita.

Shagon kifin ado ya kai ta. Akwatunan gilashi ne jere, cike da ruwa, kifaye na kai da kawowa. Auta ta tsaya gaban wani ƙaramin kifi mai ruwan lemo da ratsin fari. Ta ƙi gaba, ta ƙi baya.

Mai shagon tsoho ne, tabarau a kan hanci. Ya ce, "Jikata, idonki ya iya zaɓe. Amma wannan ɗan teku ne. Ruwan gishiri yake so, kuma ba gishirin miya ba."

Ya shiga jero kaya a kan tebur. Akwatin gilashi ƙarami. Yashi da duwatsu masu ramuka. Famfon da zai riƙa motsa ruwa, don ruwan teku ba ya kwanciya. Sandar ɗumama ruwa. Fitila mai shuɗin haske. Sai wani ɗan abu na roba mai allura a ciki.

"Wannan ma'aunin gishiri ne," in ji shi. "Ki ɗebo ruwa da shi, allurar za ta faɗa miki gaskiya."

Auta ta dubi ma'aunin. Ba shi da kyau ko kaɗan. A gefe kuwa ga wani ɗan gidan kifi mai taga da ƙofa.

Baba ya ce, "Kayan sun yi yawa. Zaɓi ɗaya, ɗayan sai wani zuwan."

Ta ɗauki gidan.

Tsohon ya leƙo ta saman tabarau. "Wani zuwan nan ya kashe kifi ba adadi."

Baba ya fita kai kaya mota. Tsohon ya jawo jarka biyu, shuɗiya da fara. Ya ce shuɗiyar ruwan gishiri ne. Farar kuma tataccen ruwa ne marar gishiri. Ya yi ta bayanin amfanin kowacce. Auta tana ta cewa, "To. To." Amma idonta na kan kifi. Wanda ya ce "to" tun ba a gama magana ba, bai ji komai ba.

Ba a ba ta kifin ran nan ba. Tsohon ya ce sai ruwan ya yi mako huɗu yana zagayawa, ya nuna. Auta ta yi haƙuri. Kullum ta dawo makaranta, ta zauna gaban akwatin da babu kowa a ciki.

Da lokaci ya cika, Mama ta karɓo mata kifin a hanyar dawowa daga aiki. Ta haɗo da ɗan murjanin teku mai rai, kore, kamar ƙananan furanni a kan dutse.

Auta ta raɗa wa kifin suna Maƙwabciya. Yanzu in ta yi sallama, akwai mai tasowa bakin gilashi. Takan ba ta labarin makaranta kaf. Wa aka yi wa faɗa, wa ya ci jarrabawa, wa ya zauna shi kaɗai.

Bayan 'yan kwanaki ta lura ruwan ya ragu. Ta tsaya gaban jarkokin nan biyu. Me tsohon ya ce? Ta kasa tunawa.

Mama na nan a falo, ta miƙe ƙafa tana hutawa. Taku biyar ne tsakaninsu. Amma Auta ta ji kunyar a ce ba ta saurara ba. Sai ta yi wa kanta wayo.

"Kifin teku, ai sai ruwan teku," in ji ta. "Farar jarkar ta wanke gilashi ce."

Ta cika akwatin daga shuɗiyar jarka. Bayan kwana uku ta sake. Haka ta yi ta yi, mako ya bi mako.

Murjanin ne ya fara nunawa. Furanninsa suka tsuke, suka ƙi buɗewa. Sannan Maƙwabciya ta daina tasowa bakin gilashi. Ta shige ɗan gidan nan, tana numfashi da sauri. Abinci ya sauka a gabanta, ko kallo.

"Maƙwabciya, fushi kike da ni?" in ji Auta. "Ki fito mana. Ni ce."

Ba ta fito ba. Gidan su Auta ya koma shiru yadda yake a da, har ya fi.

Mama ta tambaye ta da safe, tana neman makulli. "Ya mutuniyarki?"

"Lafiya lau. Barci take."

Ƙarya ba ta warkar da ciwo. Sai dai ta ba shi wurin zama.

Ran nan a aji, Malama ta ɗauko faranti. Tun makon jiya ta zuba ruwan gishiri a ciki, ta ajiye a bakin taga. Yanzu ga shi ya bushe ƙaf. Wani farin gari ya rage a ƙasa.

"Ina ruwan ya tafi?" in ji Malama.

"Ya bi iska!" yara suka amsa.

"Gishirin fa?"

"Yana nan!"

"Madalla. Ruwa ke tashi. Gishiri ba shi da fiffike."

Nan take Auta ta gane. Ashe ruwa ne kawai ke raguwa a akwatinta, gishirin na nan. Ita kuma kullum ƙara masa take yi. Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban tukunya ta san wannan. In miya ta ƙafe, ruwa ake ƙarawa. Babu mai hankalin da zai ƙara gishiri.

Auta ta ɗaga hannu. Ta kira, "Malama!"

Wata yarinya mai wushirya da ke gabanta ta juyo. "Lah! Ashe tana magana!"

"Malama," in ji Auta, "in gishiri ya yi wa kifi yawa, mutuwa zai yi?"

Sai hawaye. Ta faɗi komai, tun daga ma'aunin da ta ƙi ɗauka har jarkar da ta zaɓa.

Malama ta dafa kafaɗarta. "Kin yi kuskure biyu. Ba ki saurara ba, kuma ba ki tambaya ba. Kada ki yi na uku. Yau ki faɗa wa mamanki gaskiya."

Da yamma Mama na shigowa, Auta ta tare ta a bakin ƙofa. Ko jaka ba ta ajiye ba ta ji labarin.

"Shi ne kika ce min barci take? Ni da nake kwana da marasa lafiya?" Mama ta girgiza kai. "Ɗebo ruwan a kwalba. Mu je kafin mai shagon ya rufe."

Tsohon ya zuba ruwan a ma'auni. Allurar ta yi sama, ta wuce inda ya kamata.

"Jikata, kiwon kifi kike yi ko yajin gishiri?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Kaka. Ka faɗa min, ban ji ba. Don Allah ka sake faɗa."

"Yau kuma kunnen ya zo tare da ke? To saurara. In ruwa ya ragu da kansa, farar jarka. In ke kika kwashe don canji, shuɗiya. Maimaita."

Ta maimaita sau biyu.

"Kuma kada ki je ki tuttula ruwa lokaci ɗaya. Gaggawa ita ma kisa take. Ki kwashe kofi ɗaya, ki mayar da kofi ɗaya na farar jarka. Safe da yamma. Kullum ki auna."

Wannan karon da ma'auni suka dawo gida.

Kwana shida Auta tana wannan aiki. Allurar na sauka kaɗan-kaɗan. Murjanin dai bai tashi ba. Ya yi fari fat, ya mutu. Auta ta cire shi da hannunta, ta yi kukanta ta share ido. Abin da sakaci ya ci ba ya amayarwa.

A rana ta bakwai ta zuba abinci. Sai ga ɗan kai mai ruwan lemo ya leƙo. Maƙwabciya ta fito, ta cafke abincin, ta zagaya dutse sau biyu.

"Mama! Mama! Ta ci!"

Da Auta ta isa aji, mai wushirya ce ta fara tare ta. "Ke, mai kifi! Ta mutu ko tana nan? Mako guda kin hana ni sukuni."

"Tana nan. Har ta ci abinci."

"To matsa min in zauna. Wai da gaske tana gane ki?"

Ranar Asabar mai wushirya ta zo gidan, da izinin iyayenta. Suka manna hanci a jikin gilashi su biyu. Ruwan ya ɗan ragu, sai baƙuwar ta kai hannu ga shuɗiyar jarka.

"Tsaya!" in ji Auta. "Ba wannan ba. Zo in nuna miki."

Yara, in babba na muku bayani, ku ba shi kunne, ba "to" kawai ba. In kuma kun manta, ku buɗe baki ku tambaya. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, amma ɓarnar shiru takan ci rai.