Alewar da Ikrama Ya Ɗauka Magani Ce

Ikrama ɗan aji huɗu ne a wata firamare da ke Illela. Duk gidansu ba wanda yake so kamar kakarsa, Inna Tasalla. Ita ba ta kiran sunansa, sai dai "maigida", yadda kakanni suke tsokanar jikokinsu. Shi kuwa har ɗaga kafaɗa yake yi, sai ka ce da gaske shi ke ciyar da gidan.

Inna tana da ciwon suga. Sai kuma bakinta ya fara bushewa ƙayau. Tana cikin magana harshe zai manne mata, ta tsaya tana neman yawun haɗiya. Abin yana ba Ikrama tausayi ƙwarai.

Wata Lahadi ya raka babansa, Malam Sahabi, kasuwa, aka saya masa alewar madara. Da suka dawo Inna ta tare shi da tsiya, wai wane irin maigida ne zai je kasuwa ya dawo hannu rabbana. Ya miƙa mata guda. Ta jefa a baki tana tsotsa, sai ga yawu ya zo, magana ta miƙe.

Ikrama ya ce a ransa ya gano magani. Daga ranar, duk alewar da ya samu a makaranta ba ya sha, sai ya kawo wa Inna a aljihu. Ya san sarai ko a koko ba a sa mata suga, shi ya sa yake bari sai ba kowa a tsakar gida. Ita ma Inna ta sani, amma sauƙin da take ji ya fi ƙarfinta.

"Maigida, maganar ga tsakaninmu ce," in ji ta.

Ba a daɗe ba dasashinta ya fara jini. In ta sa asuwaki sai zafi, don haka ta daina yi. Wata Asabar da safe ta kasa tauna ko ƙosai. Leɓenta ya kumbura, haƙorinta na gaba yana girgiɗi.

Malam Sahabi ya kai ta asibiti, Ikrama ya maƙale ya bi su. Likita ta duba bakin, ta auna jini, ta ga suga ya hau sosai. Ta tambayi Inna ko tana shan wani abin zaƙi. Inna ta sunkuyar da kai, ta ce ita dai abin da aka ba ta take ci.

"To, Inna, in ba mu gano dalili ba, haƙorin nan zai fita, saura su bi shi," in ji likita.

 Ikrama ya dubi bakin Inna, ya ji kamar shi ya buge ta.

"Ni ke ba ta alewa," ya ce a hankali. "Kullum."

"Mi ka ce?" in ji babansa.

"Na ga in ta tsotsa yawu na zuwa. Na ɗauka magani na."

Hawaye suka zubo masa. Inna ta ce kada a ga laifin yaro, ita babba ta karɓa, ita kuma ta ce a ɓoye.

Likita ta jawo Ikrama kusa. Ta ce yawu ne ke wanke baki duk yini. In baki ya bushe, zaƙi yakan zauna a jikin haƙora da dasashi, ƙwayoyin cuta su samu abinci. Kuma in suga ya hau a jini, baki ya ƙara bushewa, ciwo ya ƙi warkewa da wuri.

Ta wanke wa Inna dasashi, ta ba ta magani. Ta ce ta riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ta goge baki safe da yamma da buroshi mai laushi, ko da ta ga ɗan jini.

A hanya Malam Sahabi bai daki Ikrama ba. Ya ce da shi, "Son da kake wa Inna ba laifi ba ne. Ɓoyewar ita ce laifi. Da ka tambaya, da ba ta sha wahalar ga ba."

Ikrama ya nemi gafara. Ya karɓi aikin cika wa Inna kofin ruwa, ya kuma hana ta sakat da zancen buroshi, har ta ce ta gaji da wannan masifaffen miji.

Bayan 'yan makonni suka koma asibiti. Kumburi ya sace, jini ya tsaya. Likita ta taɓa haƙorin da yatsa, ta ce ya zauna, ba sai an cire ba. Inna ta juyo ta washe wa Ikrama baki, haƙoranta cif, ba giɓi.

Tun daga nan Ikrama bai ƙara ba marar lafiya wani abu a ɓoye ba. Ya gane cewa ko don ƙauna za ka taimaki marar lafiya, sai ka fara tambayar manya da likita.