Ba Za A Sayar Da Taraktar Ba

"Wa ya ba ka izinin kawo mai saye gidanmu?"

Da ƙarfi na yi tambayar. Mahadi, wanda aka sa ranar aurenmu bayan Babbar Sallah, yana tsaye a jikin taraktar da mahaifina ya rasu ya bar mana. Gefensa wani Alhaji ne daga Funtuwa, sai bubbuga tayoyi yake kamar mai taya rago.

"Fiddausi, rage murya mana... a gaban baƙo?"

"Baƙonka ne, ba nawa ba!"

Alhajin ya gyara hula ya sulale, ko sallama babu.

"Rabin raina, don ke na yi," Mahadi ya sassauta murya. "Na samo miki aikin ofis a Katsina. Kawu Maitama ya amince, Hajiyata ta amince..."

"Ni fa? An tambaye ni?"



Tun ina firamare nake zama gefen Baba a kan taraktar nan. Da na gama karatun aikin gona, ni na ci gaba da yi wa manoman Malumfashi haro da huɗa, har cikin Kafur. A gona Mahadi ya fara ganina, a nan ya ce yana sona. Sai yau abin ya zama abin kunya?

"Faɗa min gaskiya, me ya canza?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe Shafa'atu ce, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, ta ɗauki bidiyona a gona, fuskata duk baƙin mai, ta watsa wa dangi tana cewa ga amaryarsu direba.

"Sai ka kasa cewa komai?"

"Dariya ake min, Fiddausi! Ki zaɓa kawai... ko ni, ko ƙarfen nan!"



"Kai ka kawo zaɓin, Mahadi. Je ka."

Da yamma Kawu Maitama, yayan mahaifina, ya shigo kamar zai tashi gidan.

"Ke kin fi kowa sani ne? Miji da aikin gwamnati za ki watsar saboda taurin kai?"

Na durƙusa, amma ban janye ba.

"Ka yi haƙuri, Kawu. Ban fi kowa sani ba. Amma ni zan zauna a ofishin nan, ni zan zauna a gidan auren. Na san ba zan iya ba."

Ya fita yana cewa babu ruwansa da ni.

Inna, mahaifiyata, ta matso kusa da ni.

"Kin yi istihara?"

"Na yi, Inna."

"Hankalinki ya kwanta?"

"Ya kwanta... zuciyar ce take ciwo."

"Ita za ta warke."

Washegari aka mayar wa su Mahadi da kayan sa rana.

Da damina ta kankama Mahadi ya same ni a bakin hanya, duk ya rame.

"Wallahi har yanzu ina son ki. Ki bar aikin nan ko na shekara ɗaya ne, surutu ya lafa..."

"Ba ni kake so ba, Mahadi. Wata kake so mai fuskata."

Ranar ɗaurin aurensa da Shafa'atu ina gonar Malam Mudi, wani dattijo da ya makara bai yi huɗa ba. Motocin 'yan biki suka wuce a titi suna ta ham. Na yi kuka, kuka sosai, ƙarar inji ta rufa min asiri.

Sai ga dattijon yana ɗaga min hannu.

"'Yata, lafiya kuwa?"

Na goge fuska da bakin mayafi.

"Lafiya lau, Malam. Nuna min inda gonarka ta tsaya."