Rigar da Ba a Bar wa Rara Ba

Ɗakin gaba na gidan su Auta shi ne falo, shi ne kuma shago, kuma a cikinsa babu kujerar da ta kai keken ɗinki daraja. Ran nan da hantsi Auta tana kan keken tana kalmasa bakin wani siket, mahaifiyarta, wadda kowa yake kira Umma, tana zaune bakin taga tana ware maɓallai daga wani tsohon gwangwani. Tun da idonta ya yi rauni ta sauka daga kan keken ta bar wa 'yarta, amma kunnenta bai yi ritaya ba.

"Kin sake duba wayar nan," in ji Umma, ba tare da ta ɗago kai ba.

"Lokaci na duba, Umma."

"Ga agogo a bango. Ko shi ma ya tafi teku ne?"

Auta ta yi murmushi, ta ci gaba da taka keke. Wanda ya tafi teku shi ne Maɓalli. Tare suka tashi a wannan gida na haya, iyayensa suna ɗakunan da ke kallon nasu. Yana ɗan yaro ya haɗiye maɓalli daga wannan gwangwanin, aka yini ana salati, shi ke nan suna ya bi shi. Daga baya aka canza wa mahaifinsa wurin aiki, suka koma wani gari mai nisa, shi kuma Maɓalli ya karanci gyaran inji, ya samu aiki a jirgin ruwa na dakon kaya. Sai ya yi watanni babu labarinsa, domin tsakiyar teku babu sabis. Amma duk sanda jirgi ya matso gaɓa, lambar Auta yake fara kira. Kafin wannan tafiyar ya ce mata, "Idan na sauka a wannan karon, akwai maganar da zan yi da Umma." Wannan jumla ita Auta take juyawa a ranta tun daga ranar.

Sai aka yi sallama. Yayar Maɓalli ce, wadda aure ya dawo da ita garin, tana tafe tana jan wani babban akwati. A bayanta akwai wata siririyar budurwa mai dogayen farata, idonta a kan waya.

"Umma, ina kwana? Auta, aiki na kawo miki, kuma ba ƙarami ba," in ji Yaya. Ta zuge akwatin, sai ga yadudduka an jera: leshi, siliki, da wasu da Auta ba ta taɓa ganin irinsu ba. "Ƙanena ne ya aiko. Wannan kuma Bebi ce, ƙanwar maigidana. Ki auna ta."

Ƙafar Auta ta tsaya cak a kan keke. "Wane ƙanen, Yaya?"

"Ƙanne nawa gare ni? Injiniya mana, wanda har yau kuke kira da sunan nan na ƙuruciya."

"Shi ya ce a ɗinka mata?"

Yaya ta gyara zaman mayafinta. "Auta, ke ba yarinya ba ce. Kin taɓa ganin namiji ya aiko da akwatin yadi don a yi labule?"

Auta ta ɗauko tef ɗin awo. Ta auna kafaɗa, ta auna hannu, ta zagaya ƙugu, tana jin kamar maciji take naɗawa a wuyanta. Duk inda ta auna sai ta kwatanta da nata: Bebi ta fi ta siranta, ta fi ta haske, yatsunta kuma allura ba ta taɓa huda su ba.

"Anti tela, don Allah fitad nake so," in ji Bebi. "Ya kama ni sosai. Ba na son sitayil ɗin tsofaffi."

Anti! Yarinyar da ko shekara biyu ba ta ba ta ba. Auta ta cije leɓe ta ce, "To."

Suna fita ta yi wurgi da tef ɗin. "Wallahi ba zan ɗinka ba, Umma! Duk telolin garin nan sun mutu ne? Sai ni aka ga damar kawo wa, don a ga yadda fuskata za ta yi?"

"Aiki ya shigo da sallama, da sallama zai fita," in ji Umma. "Kin ji daga bakinsa?"

"Ina zan ji, yana tsakiyar ruwa? Amma ga akwati ya yi magana! Ni da nake ta korar mutane saboda shi, ashe gadin gonar wata nake yi." Sai kuka ya ƙwace mata, ta kifa kai a kan keken.

Umma ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, "Zuciya tana da sauri, Auta, amma ba ta da ido. Ki ɗinka, kuma ki ɗinka yadda na koya miki. Ki bar rara."

Wannan ita ce dokar shagon tun Auta ba ta kai tsawon keken ba. Duk rigar da za ta fita daga nan, sai an bar mata rarar yadi mai faɗin yatsu uku a cikin kowane ɗinki na gefe, a ninke a goge, ba mai gani. Umma takan ce tela yana auna jikin yau ne, jikin gobe kuwa Allah kaɗai ya san awonsa.

Haka Auta ta shiga aikin, kishi yana cin ta kamar gara a cikin itace. Idan ta shimfiɗa leshi, sai ta ga Bebi a cikinsa tana yi masa fari da ido. Idan ta ɗaura hannun riga, sai ta ga hannun da zai riƙe shi. Abinci ya daina yi mata daɗi. Ta shiga shafin Bebi a waya tana bin hotunanta ɗaya bayan ɗaya, tana neman muni ba ta samu ba, ta rufe, ta sake buɗewa. Duk da haka hannunta bai saɓa doka ba: kowace riga ta bar mata rararta, ta ninke, ta goge, ko da yake ba da zuciya ɗaya ba.

Sai da ta kai ƙasan akwatin ta tarar da shi. Siliki ne shuɗi mai ratsin kore, wanda launinsa yake canzawa idan an juya shi a haske. Ta zauna daɓas. Ita ba ta taɓa ganin teku ba, kuma a farkon fara aikinsa ta taɓa tambayarsa a waya, "Wai wace kala ce?" Ya yi dariya ya ce, "Ba ya faɗuwa da baki. Wata rana zan kawo miki shi a yadi." To ga shi ya kawo, amma a jikin wata za a gan shi.

Ta yanka shi daidai awon Bebi, ta haɗa rigar da ba ta taɓa yin mai kyanta ba. Sannan ta juya cikinta waje, ta dubi rarar, ta ɗauki almakashi. "Fitad ta ce," ta faɗa a ranta. "To ga fitad. Ranar da ta ƙara ko loma ɗaya, sai dai ta kalle ta a rataye." Ta bi gefe da gefe ta datse rarar har bakin zare.

"Auta," in ji Umma daga bakin taga. "Wannan kukan almakashin ba na yanka ba ne. Me kike datsewa?"

"Zare ne ya yi tsini, Umma."

Umma ta ce, "Almakashi ya iya ragewa, bai taɓa koyon ƙarawa ba."

Bayan 'yan kwanaki waya ta yi ƙara, lambar Maɓalli ta fito. Auta ta kife wayar. Ta sake yin ƙara, ta sake kifewa.

"Ki ɗauka mana!" in ji Umma.

"In ɗauka ya ce mini me? Ya tambaye ni ko kayan amarya sun kammala? Ya kira Yayarsa ta gaya masa."

Washegari da la'asar, Auta tana guga, inuwa ta tare ƙofar shagon. Dogon mutum ne, rana da iskar teku sun ƙara masa duhu.

"Salamu alaikum. Umma, ina gwangwanin maɓallan nan? Yunwa nake ji."

"Ja'iri!" in ji Umma, tana dariya har da hawaye. "Har yau ba ka biya ni wancan ba!"

Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya juyo wajen Auta, wadda ko ɗago kai ba ta yi ba. Idonsa ya sauka kan rigar silikin da ke rataye, fuskarsa ta washe.

"Kin ga tekun ke nan! Sai da na bi kasuwanni kafin na same shi." Ya matsa kusa, ya ɗan yamutsa fuska. "Amma Auta, ciwo kika yi? Wannan ai ko hannuna ba zai shiga ba."

"Ba ni na rame ba. Amaryarka ce siririya."

"Wace amaryar?"

"Kar ka raina mini hankali, Maɓalli! Da hannuna na auna ta. Da ka ce mini ka samu wata, da na yi kukana na share hawayena, amma ka aiko a sa ni ɗinka mata? Har da wannan? Wannan da ka ce nawa ne?"

Ya tsaya kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Ya dubi Umma, ya dubi jerin rigunan, sannan ya ciro waya. "Yaya, don Allah ki zo gidan Umma yanzu. E, yanzu."

Da Yaya ta iso, ta ga fuskarsa, sai ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Me na ce miki game da akwatin nan?" ya tambaye ta a hankali.

"Ka ce in kawo gidan Umma. Ga shi na kawo."

"Na ce ki damƙa wa Umma, ki ce na Auta ne, kuma manya suna tafe idan na sauka. Ko ba haka na ce ba?"

"To, ni alheri na so maka!" Muryar Yaya ta tashi. "Kai injiniya ne yanzu. Bebi 'yar gida ce, ta yi karatu, ta san zaman duniya. Na ce idan wannan ta yi fushi ta kama gabanta, kai ma za ka huce ka ga gaskiya. Duk matan duniya ka rasa sai tela?"

"Yaya, a gindin wannan keken muka girma, ni da ke. Ranar da za a kai ki makaranta, wa ya ɗinka miki yunifom? Lokacin da Mama take kwance a asibiti, a ɗakin wa muka riƙa kwana? Idan ɗinki abin kunya ne, to kunyar muka sa a jikinmu muka girma."

Yaya ta dubi Umma, tsohuwar da ta sha yi mata kitso a wannan bakin tagar, sai idonta ya ciko. Ta durƙusa. "Umma, ki yafe mini. Son zuciya ne. Ita ma Bebi ce mata na yi tsaraba ce kawai, tana ma da wanda take so."

"Tashi, 'yata," in ji Umma. "Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ba ni za ki roƙa ba."

Yaya ta juya ga Auta, amma Auta ta riga ta rufe fuska da mayafi tana kuka, rabi na farin ciki, rabi na kunya. Maɓalli ya ce, "To yanzu kayan duk sun tashi a banza ke nan?"

"A wannan shagon?" in ji Umma. "Auta, ɗauko reza."

Aka fara farke ɗinkin gefe. Riga ta farko ta buɗe, rarar da ke ɓoye ta fito, aka sake ɗinkewa, ta zauna a jikin Auta kamar don ita aka yanka. Haka ta biyu, haka ta uku, har aka zo kan silikin. Auta ta juya cikinsa waje. Babu abin farkewa. Zare ne a bakin yadi, sai tabon almakashi.

"Ni na datse," ta ce, muryarta can ƙasa. "Don kada ta daɗe tana sa ta."

Maɓalli ya daɗe yana duban rigar. "Kuma shi ne ƙarshen bandir ɗin, mai shagon ya ce babu wani." Sai ya yi ɗan murmushi. "Ashe haka kike sona? Allah ya sa ba ni ne a ƙarƙashin almakashin ba."

Auta ta yi dariya cikin kuka. Umma ba ta ce "na gaya miki" ba, kuma wannan ya fi komai nauyi a wajen 'yarta.

An ɗaura aurensu kafin hutunsa ya ƙare, kuma Yaya ce ta fi kowa zirga-zirga. Daga baya ya samu aiki a tashar jiragen, ya daina tafiyar watanni. Auta ta sa dukan rigunan nan har suka tsufa, ta ƙara buɗa wasu da sauran rararsu lokacin da take da ciki. Ta silikin kuwa ba ta taɓa hawa jikinta ba. Sai da 'yarsu ta fara tafiya Auta ta sauko da ita, ta rage ta, ta yi wa yarinyar riga, ta bar mata rara mai faɗin yatsu uku.

Wannan shi ne abin da ya kamata matasa su riƙe. Wanda ya ji magana daga bakin wani, kada ya yanke hukunci sai ya ji daga bakin mai ita. Duk abin da Auta ta yi cikin haƙuri, ko da tana kuka, ya dawo ya zama nata. Abu ɗaya tak ta yi cikin kishi, kuma shi kaɗai ta rasa, alhali shi ta fi so. Idan ranka ya ɓaci, ka bar wa gobe rara, domin ba ka san ko rigar da kake datsewa taka ba ce.