Takardar Kamfanin Jirgin Ruwa

A wani gari da jirgin ƙasa ke ratsawa, an yi wani saurayi, Sallau. Yayansa Jatau ma'aikacin jirgin ruwa ne. In ya zo hutu sai ya ce, "Zo in koya maka Turancin jirage, na sama da na ƙasa da na teku."

Sallau ya ce, "Gobe, Yaya." Gobe ta yi, ya ce, "Gobe."

Ran nan takarda ta iso daga kamfanin jirgin, da Turanci. Innarsu ta ce, "Karanta mana, ɗan boko."

Sallau ya duba, sunan Jatau kaɗai ya gane. Kunya ta hana shi cewa bai iya ba. Ya ce, "Yana tafe, Inna."

Duk Laraba, ranar zuwan jirgin ƙasa, Inna kan dama fura ta je tasha taryen Jatau. Jirgi ya zo, jirgi ya wuce, har Laraba uku.

Sannan Sallau ya kai wa akawun tasha takardar. Akawu ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Sai haƙuri, samari. Jirginsu ya nutse."

Sallau ya zauna bakin dogo, yana magana a hankali. "Yaya, Inna tana can tana share maka ɗaki. Ban gaya wa kowa ba tukuna."