Dangwalen Shekara

Hajiya Baiwa ce ta kawo ƙara komisariyar 'yan sanda ta Matameye da hantsi, tana haki.

"Insifekta, injin ban-ruwa sittin muka yi oda. Mun buɗe akwatuna yau, tsofaffin ƙarafa ne aka shafa wa fenti."

Insifekta Cha'ibu ya tura mata kujera. Ita ce shugabar koperatif ɗin manoman rake, mutum goma sha biyu daga Kurni, Tsauni da Dungu. Kowannensu ya ba banki takardar garkarsa jingina.

"An biya mai kayan?"

"Rabi. Gobe sha biyun rana za a saki sauran. In aka saki, garkar da ubana ya bar mini ta tafi."

Cha'ibu mutum ne mai son ɓarawon da ke haura katanga, a bi sawu a kamo shi. Ɓarawon takarda kuwa ciwon kai yake sa shi.

A banki, ma'aikaciyarsu Madam Najaha ta shimfiɗa masa dosiye, takardun cinikin duka.

"Bankuna uku muka haɗu muka tsaya wa koperatif. Mu muka biya kashin farko da aka nuna kaya sun hau jirgi. Sauran biyun za su biya ragowar in an kawo shaidar cewa kaya sun iso lafiya."

"To ba su iso lafiya ba. A tsayar."

"Ba ni ke tsayarwa ba."

"Wa ke tsayarwa?"

"Bankin da ke Yamai."

Ya kira Yamai, aka ce ya kira na uku. Na uku ya ce shi na Yamai yake bi. Awa biyu yana riƙe da waya, har kunnensa ya yi zafi, haushi kamar ya jefar da ita.

"Mu takarda muke duba, ba ƙarfe ba," in ji Najaha. "Ga shaidar. Dangwale goma sha biyu, biyar ga Maris."

Ya karɓi kwafi ya nufi biro, ofishin koperatif. Sakatarensu Lawwali, wanda shi kaɗai ya yi lakkwal, ya iya karatu da rubutu a cikinsu, ya tarbe shi da fara'ar da ta yi yawa.

"Kowa ya ga kayan kafin ya dangwala?"

"Kowa, ranka ya daɗe. Nan muka taru."

"Dukanku?"

"Ba wanda bai zo ba."

Hajiya da ke wurin ta ce ita dai ba ta tuna wani taro a Maris ba, amma dangwalenta ne, ba ta musu.

Cha'ibu ya hau babur zuwa Dungu. A garka ya sami tsoho Shekara, mai sunan ƙarshe a takardar, yana ɗaure rake da hannun hagu. Ya nuna masa dangwalen.

"Baba, wannan yatsanka ne?"

Tsohon ya ɗaga hannun dama. Babu babban yatsa.

"Adda ta ɗauke shi tun Janairu. Amma na dangwala kafin nan. Lokacin sara ba mai barin rake ya zo gari, sai Lawwali ya zaga da fararen takardu mu dangwala, in buƙata ta taso ya cike. Shekara shida haka muke yi."

"Fararen takardu? Ba rubutu?"

"To ɗan wajenmu ne, yallaɓai."

Cha'ibu ya dafe kai, ya rasa wanda zai yi wa faɗa.

Da la'asar ya ajiye takardar gaban Lawwali, ga Hajiya, ga Shekara.

"Yatsan da aka binne a Janairu ne ya dangwala a Maris?"

Lawwali ya dubi hannun tsohon.

"Dillalin mai kayan ne ya ce in aika shaidar tun kaya na hanya, zai ba ni miliyan uku. Wallahi ban san ƙarafa ba ne."

"Ka tambaya?"

Lawwali ya sunkuyar da kai. Aka sa masa ankwa, aka fita da shi.

Cha'ibu ya kira Najaha nan take. Ta ce sai da umarnin alƙali, shi ma sai bankunan uku sun gani kafin sha biyu. Alƙalin yana Damagaram, kuma an riga an tashi daga aiki.

Hajiya Baiwa ba ta ko kalli inda aka fita da Lawwali ba.

"Insifekta, kun kama ɓarawo. Garkata fa?"

Ya ɗauki makullin babur.

"Zan kwana ƙofar alƙali, Hajiya. Abin da ya fi wannan, ban isa in yi miki alkawari ba."