Rigar Fasfo

Da hantsin ranar Talata wani tela ya faɗo ofishin 'yan sanda, tef ɗin awo rataye a wuyansa, bai ma san da shi ya fito ba.

"Ranka ya daɗe, fasfona aka sace, kuma gobe jirginmu zai tashi."

Sufeto ya tura masa kujera. Mutum ne da ba a taɓa ganin gaggawarsa ba. Maɓallin aljihun kakinsa ma wata guda ke nan yana lilo bai kula shi ba, amma kunnensa ba ya zubar da magana.

'Yar telan ce, mai shekara shida, za a yi wa aikin zuciya a ƙasar waje ranar Juma'a. Wata biyar ya yi yana bin layi: takardar asibiti, hoton yatsu, ganawa har sau biyu. Jiya biza ta fito. Yau ya je kamfanin tafiye-tafiye karɓa, ga fasfon yarinya, nasa ya yi ɓatan dabo. Ba kuma za a bar ta ta hau jirgi ita kaɗai ba.

"Akwai wata alama a jikinsa?"

"Na ɗinka masa riga da shuɗin ƙyalle, don kada ya yi datti."

A kamfanin, manaja ya tare su da murya sama. "Ɓarawon waje ne, Yallaɓai! Ga kyamara nan, za ta nuna."

Sufeto ya ɗaga wayar kyamarar, ga ta a cire, gizo-gizo ya daɗe da yin gida a kanta. Manaja ya soma neman abin dubawa a ƙasa.

Sakatariya ta rantse makullin durowar fasfo bai bar hannunta ba.

"Wannan ledar maganin fa, 'yar'uwa? Da makullin kika je kemis?"

Idonta ya ciko. Ta ce a kan tebur ta bar shi jiya da yamma, na minti ashirin.

"Wancan kwandon na mene ne?"

"Ofishin jakadanci ba ya karɓar fasfo da riga. Sai a cire a ajiye a nan. Jiya da hannuna na mayar wa kowanne tasa, kwandon ya zama wayam."

Sufeto ya leƙa. Shuɗin ƙyalle na kwance a ciki, an ninke shi biyu, an ɗaure da roba tsaf.

Ya sa aka kira mai kai takardun kamfanin, wani dattijo da ake wa laƙabi da Jakada. Shekara goma sha biyu yana jigilar fasfo a babur.

"Ni tun da na kawo su ban ƙara taɓa su ba, Yallaɓai."

"To, madalla. Riƙe min wannan, Baba, in nemo biro."

Ya miƙa masa fasfon yarinyar, shi ma cikin rigarsa, ya hau lalube aljihu yana tambayarsa cunkoson hanya. Jakada ya saki baki yana ba da labari, hannunsa kuwa na nasa aikin. Ya zare rigar, ya ninke ta biyu, ya ciro roba daga wuyan hannunsa ya ɗaure.

Sufeto ya ajiye ɗaya ƙyallen kusa da ita.

"Ɓarawon waje da rigar zai gudu, Baba. Kai hannunka ya saba da aiki mai kyau, shi ya tona ka."

Jakada ya zauna daɓas. Ya ce wani mutum ne mai kama da telan ya lallaɓe shi ya sayar masa da fasfon, yau da la'asar za su haɗu. Fasfon na ƙarƙashin kujerar babur.

"Ka san abin da zai kai yarinyar?"

"Na sani," in ji shi, kansa a ƙasa. "Ni na kai takardar asibitin."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya ɗauko fasfon, sannan ya tasa ƙeyarsa zuwa mota.

Tela ya buɗe shafin biza, ya shafa, ya sake shafawa, hawaye na zuba. Ya rasa bakin godiya. Sai ya zaro allura daga hularsa.

"Ranka ya daɗe, tsaya haka, kada ka motsa."

Nan tsakiyar ofis Sufeto ya ƙame kamar sabon kurtu, aka ɗinke masa maɓalli.

"Sai kun dawo, ka kawo min ita in ga tana gudu," in ji Sufeto.