Sirinji Marar Allura

Ranar da Dogo ya fara aiki a sashen gaggawa, ya shiga ɗakin ajiyar magani neman safar hannu, sai ya tarar da wata nas zaune a ƙasa tana hura sirinji marar allura, ta jiƙe sharkaf da gumi. Shi ma nas ne, bai tsaya tambaya ba. Ya durƙusa ya kama hannunta yana duban agogo, yana ƙirga bugun zuciyarta.

"Ɗari da tamanin," ya ce. "Tun yaushe?"

"Shekara uku. Haka kawai zuciyar take zabura, in na hura sai ta lafa. Don Allah kar shugaba ta ji, cire ni za ta yi daga sashen nan."

Auta ake ce mata. Ya rufa mata asiri, daga nan kuma shaƙuwa ta shiga. Kullum da rana sai saƙonsa ya iso: "Autata, kin sha maganin?" Ita kuwa rabin ƙwaya take sha, wai cikakkiya tana kashe mata jiki a bakin aiki. Ya sani sarai, ya yi shiru. Ma'aikatan jinya dai sun fi kowa taurin kai in ciwon nasu ne.

Da ya kai maganar aure gida, mahaifiyarsa ta haɗe rai.

"Lafiyayyun sun ƙare ne? Jinya a asibiti, jinya a gida?"

Ana cikin haka Auta ta yanke jiki ta faɗi tana saka wa wani dattijo ƙarin ruwa, allurar ta yage masa jijiya. Dattijon ya warke, amma shugaba ta mayar da ita ɗakin kati, ba ta ƙara taɓa majinyaci ba. Auta ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa, ta rubuta wa Dogo:

"Mamanka ta yi gaskiya. Ka nemi wata."

"Ni na ga rabin ƙwayar na yi shiru," ya amsa. "Na riga na cuce ki sau ɗaya, ba zan ƙara da guduwa ba."

Wata biyar yana lallaɓa mahaifiyarsa. Ba ta ce ta yarda ba, ta dai daina cewa a'a.

Ranar ɗaurin aure, ana tsakiyar yi wa amarya kwalliya, abin ya taso. Ƙawaye suka rikice. Sai ga Mama, mahaifiyar Dogo, ta ratso su, ta zaro sirinji daga jakarta, ta ɗora yatsu biyu a hannun Auta yadda ɗanta ya koya mata.

"Hura, 'yata. Ina ƙirgawa."

Auta tana hurawa hawaye na wanke kwalliyar. Da bugun ya lafa, Mama ba ta saki hannun ba.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya," ta ce. "Amma a gidana cikakkiyar ƙwaya ake sha."